Sawun Jimina a Kan Siminti

A karkarar Mayahi da Tasawa, inda gonakin hatsi suka ci daji har abin da ya rage wa dabbobi bai wuce zirin hanya ba, za ka ga turakun siminti jere a gefen burtali, hagu da dama. Da saukar ruwan farko, yaro ɗan shekara 10 da bai taɓa zama a bencin lakwal ba zai koro shanu ya bi ta tsakaninsu, ya doshi arewa wajen kwarin Tarka, bai tsaya tambayar kowa ba. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin kula da filaye da ta haifar su ne tushen wannan shata, kuma wanda ya tuna rayuka sama da 100 da aka rasa a rikicin manoma da makiyaya a Toda a 1991 ba zai ce turakun ado ne ba. Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina tazararsu ce. Burtalin da aka shata da hankali, in kana gindin turke guda sai ka hango na gaba. Inda hanya ta miƙe a sassauta tazara, inda ta karkace ko ta kutsa tsakanin gonaki a matso da su kusa. Wanda ya yi aikin ya ari idon makiyayi ne kafin ya haƙa rami.

Akwai sana'ar da ta ginu kacokan a kan wannan dabara, ko da yake a ƙasashenmu ba a cika kiranta da suna ba: tsara alluna da alamomin hanya a gidan namun daji, ta yadda ƙaramin yaro zai gane inda yake, ya sami zakin da ya zo gani, ya sami famfo da makewayi, ya fita da wani sani a kansa, ya kuma koma hannun wanda ya kawo shi lafiya. Mai wannan aiki sai ya iya zane, ya iya koyarwa, ya kuma san halin yara in sun yi yawa wuri ɗaya. Gwaninsa abin a yaba ne.

Yaron Tasawa, ko na Korgom ko Kanambakashe, in zai ga dorina da idonsa galibi sai an yi doguwar tafiya da shi. Ko dai Yamai, kusan kilomita 800, inda gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, ya haɗa zaki da kura da kada da dorina, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a Gadufawa, da gungumen itaciyar nan ta Tenere da mota ta kaɗe a 1973, duk a fili ɗaya mai hekta 24. Ko kuma a tsallaka iyaka zuwa Kano, wadda ta fi kusa, a shiga gidan zu da Gwamna Audu Bako ya gina a farkon shekarun 1970, wanda har titin da ke gabansa ya ci sunan zu ɗin. Ranakun yawon Salla yara ke yin dafifi a waɗannan wurare, da yawansu ba tare da iyaye ba, a hannun yayarsu wadda ita ma ba ta wuce shekara 13 ba. To, wannan yarinya, goye da ƙani, riƙe da biyu, kuɗin mota ƙulle a bakin mayafi, ita ce ainihin wadda ake yi wa allo. Littattafan wannan fanni da aka rubuta a Turai da Amurka sun saba ɗaukar cewa akwai uba mai karatu yana tura keken jariri, taswira a hannu. Namu ba haka yake ba, kuma gwani na gari daga nan yake soma lissafi.

Farkon aikinsa tsuguno ne. Kafin ya zana komai zai shigo ta ƙofa, ya tsuguna, ya dubi wurin daga tsayin wajen mita 1, inda idon ɗan shekara 5 yake. Daga can komai ya sake kama. Shingen da babba ke leƙawa ta samansa ya zama bango. Allon da aka kafa daidai kan mutum, yaro gindinsa kawai yake gani, da ƙusoshi. Ranar cunkoso kuwa ba abin da ke gabansa sai zannuwa da bayan riguna. Shi ya sa gwanaye ke raba alama gida biyu: ɗaya can sama a kan dogon ginshiƙi, da ƙaton hoton dabba da za a hango ta saman kawunan jama'a, ɗaya kuma a ƙasa sosai, a kan daɓe, inda yaro dama ya saba kallo.

Wanda ya yi suna a wannan ta ƙasa wani Ba'amurke ne mai zane, Lance Wyman. Shi ya tsara alamomin wasannin Olamfik na Meziko a 1968, sannan na jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin da aka buɗe a 1969, inda ya ba kowace tasha hotonta, fara a tashar Chapultepec, agwagwa a Candelaria, don wanda bai yi karatu ba ya san inda zai sauka. A 1975 aka ba shi gidan namun daji na Washinton, shi da abokin aikinsa Bill Cannan. Suka yi wa kowace dabba hoto mai sauƙi, suka jera hotunan a dogayen ginshiƙai a mararraba, suka kuma shimfiɗa sawun dabbobi a ƙasa, kowace hanya da nata. Yaro ya sa ƙafa a sawu, sawu ya kai shi.

Abin da aka ƙago wa yaran birnin Washinton, yaron Urafan ko Gidan Amumun da shi ya tashi. An sha aikensa bin sawun akuyar da ta ɓace. Ya san kofaton jaki daban da na doki, ya san tafin raƙumi, ya san jan cikin maciji a kan yashi da safe. Wannan riba ce ga mai tsara alama, amma tana da sharaɗi: sawun sai ya zama na gaskiya. Jimina yatsa 2 gare ta, babba da ƙarami. Kura tana barin shaidar farce a gaban yatsunta 4, zaki kuwa yana noƙe nasa, sawunsa ba farce. Raƙumin dawa kofatonsa rabe biyu ne irin na saniya, sai dai faɗinsa ya kai wajen santimita 30. In mai fenti ya yi wa jimina yatsa 3 don da kaza ya saba, yaron zai bi sawun har bakin shinge, ya dubi ƙafar tsuntsuwar, ya gane an yi masa ƙarya, kuma sauran allunan gidan sun rage daraja a wurinsa ke nan. Gwani har tazarar takun yake aunawa. Jimina in ta ruga takan ci mita 3 zuwa 5 a taku guda. A buga sawu biyu da wannan tazara a wani fili, ba sai an rubuta komai ba, za ka ga yara sun yi layi suna gwada tsalle.

Sai maganar inda ake kafa allo. A mararraba ake buƙatarsa, inda ƙafa ke tsayawa tana shawara, kuma da zarar an karya kwana a sa wata ƙaramar alama mai cewa daidai ne, ci gaba. Ginshiƙi ɗaya kada ya ɗauki suna 12. Uku ko huɗu sun isa, saura su jira mararraba ta gaba. Kibiya ma ba kowa ya san ta ba, koyonta ake yi. Wadda ke nuna sama, babba ya san nufinta a miƙe gaba, ɗan shekara 4 kuwa ɗaga kai zai yi ya duba reshe. Masu basira sukan bar dabbar da kanta ta nuna hanya: in kada na hagu, a zana shi bakinsa na duban hagu. Yara suna bin inda fuska ta dosa tun kafin su san kibiya.

Zana dabba ta yadda za a gane ta daga nesa, da baƙin fenti kawai a kan fari, ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Dole a zubar da komai a bar abin da ya sa ta zama ita. Kura: gaba ya fi baya tudu, wuya kauri, kunnuwa a zagaye. In aka rasa gangaren bayan nan, kare aka zana. Barewa in ba a siranta mata ƙafafu ba, aka kuma kasa lanƙwasa ƙahon, ta koma akuya. Maganin abin shi ne gwaji. A ɗauki zanen a kai wa yara ƙanana da ba su san abin da ake nufi ba, a ce, “Mene ne wannan?” a yi shiru. In rabinsu sun ce kare, mai zane ya koma bakin aiki, ba gardama. Wannan hanya ta magana da hoto tana da tarihi. Otto Neurath da mai zane Gerd Arntz sun gina ta a Biyana a shekarun 1920, kuma a shekarun 1950 Marie Neurath ta zo da ita Jihar Yamma ta Nijeriya, ta yi wa gwamnatin yankin ƙananan littattafai kan makaranta da lafiya da noma da zaɓe. Sai da aka sake zana mutanen da tufafin wurin da gidajen wurin. Hoton da ake cewa na duk duniya ne, in ka duba da kyau, yana da garinsu.

Mu ɗauki alamar makewayi da ake gani a filayen jirgin sama: namiji da ƙafa biyu a ware, mace da ɗan siket mai kusurwa uku. A Mayahi, wanda ke sanye da tufa mai faɗi daga kafaɗa zuwa ƙasa yana iya zama Alhaji da babbar riga. Mai tsara alama da ya san gida zai bambanta su ta kai, hula a nan, ɗankwali ko hijabi a can, ya sa buta a tsakani. Buta ba ta buƙatar tafinta.

Akwai kuma wani abu da ba na yafe wa masu zane: zaki mai murmushi, dorina mai ɗaga hannu tana gaisuwa. An kwaso su daga katun na talabijin da sunan faranta wa yara. Masunta da manoman bakin kogi a Ayoru sun san abin da dorina ke yi wa kwalekwale da mai shi. Yaranmu kuwa da yawa farkon ganinsu da kura a hannun gardi ne, da takunkumi da sarƙa, ana kiɗa, har ana ɗora yaro a bayanta. Wanda ya zo da wannan a kansa, allo mai murmushi ƙara masa ƙarfin hali zai yi ya zura hannu. A zana dabba da kwarjininta. Yara ba su ƙi abin tsoro ba, shi ma suka zo gani.

Launi shi ma yana da tasa ƙa'ida. A jihar Maraɗi kusan kowace uwa ta san ɗan maɗaurin nan da ake auna damtsen yaro a likita, mai kore da rawaya da ja, ta kuma san abin da ja ke nufi. Tun da jama'a sun riga sun ba ja ma'anar haɗari, gwani ba zai ɓarnatar da shi a hanyar birai ba. Zai ajiye shi don bakin ramin kada. Hanyoyi kuwa a ba su launin da ke da suna a bakin yaro, shuɗi, kore, rawaya, fari, yadda za a iya cewa “mu bi shuɗiya” kowa ya gane. Kuma ba a barin launi shi kaɗai, kullum da hoto a gefensa, domin akwai yara, galibi maza, da ba sa rarrabe ja da kore, ga kuma rana da ke cinye jan fenti kafin sauran.

Inda gwaninta ta fi fitowa fili, a ganina, wajen rubutun da ke bakin keji ne. Allon da aka saba gani ko'ina a duniya yana ɗauke da sunan Latin, da nauyi, da tsawon watannin ciki, da jerin ƙasashe. An rubuta shi ne don wani masani ya wuce ya gyaɗa kai. Yarinyar nan mai goyo ba za ta kai layi na biyu ba. Allon da aka yi dominta ana rubuta shi ne don baki, domin da ƙarfi za ta karanta wa ƙanne, tana haɗa baƙi a hankali, ana jan zaninta. Saboda haka jimla biyu ko uku, gajeru, da kalmomin gida. Kuma kowace jimla ta mayar da ido kan dabbar, ko kan jikin yaron kansa. Misali a gaban raƙumin dawa: “Taɓa bayan wuyanka. Ƙashi 7 ne a ciki. Nasa ma 7 ne. Jira ka ga tsawon harshensa in zai tsinko ganye.” A gaban jimina: “Ƙwanta ɗaya ya fi na kaza 20. Ƙidaya yatsun ƙafarta.” A gaban kura, wadda tatsuniya ta gama zubar wa mutunci a hannun Gizo: “A garken kuraye masu dabbare-dabbare, mace ce shugaba.” Wannan ta ƙarshe ba ta ƙarewa a bakin keji, sai an kai ta gida an yi musu a kanta da dare.

Allo ɗaya da ake yawan mantawa shi ne na dabbar da ba a gani. Zaki yakan kwashe har awa 20 a kwance a kwana guda, kuma lokacin da yara ke zuwa, tsakar rana, shi ne lokacin da ya shige inuwa. Yaron da ya biya kuɗin shiga ya tarar da keji shiru, tsakuwa zai nema. Rubuta “An hana jifa” yana da amfaninsa, amma ya fi aiki a ce: “Ba ka gan shi ba? Duba inuwar kusurwar can. Da rana barci yake, da dare yake farauta.” An ba yaro aikin nema, hannunsa ya manta da tsakuwa.

Da wane harshe? Tun da kundin tsarin mulkin da aka zartar a Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ba sauran dalilin da zai sa ta zama ƙaramin layi a ƙasan Faransanci. Sunan dabba da Hausa da manyan baƙaƙe, da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Faransanci a ƙasa don mushe, wato malamin makaranta, da ɗalibansa. A Yamai a ƙara Zabarmanci, a Kano Ingilishi. Ni zan ƙara ajami, ko da sunan dabbar kaɗai ne. Yara nawa ne a Hawandawaki ko Maijirgi suka iya haɗa baƙin Larabci a makarantar allo shekaru kafin su san boko? Almajirin da ya karanta sunan kada da kansa a jikin allo ya ji cewa gidan nan da shi aka gina.

Kayan aiki kuma ƙasa ce ke zaɓa. Katako, gara na jiransa. Ƙarfe a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana ƙona tafin hannu, alhali yaro sai ya taɓa abu yake yarda da shi. Roba da aka buga a inji aka kawo daga waje tana da kyau shekarar farko, sai rana ta ƙoƙe ta, iskar hunturu ta kankare saura, kuma ba mai iya gyara ta a gari. Siminti da aka yi wa zane mai tudu ya fi dacewa da mu: yana jure hannu, makaho ma yana shafawa ya gane siffa, kuma magina masu zanen bango irin na unguwar Birni a Damagaram sun gaji wannan aiki tun kaka da kakanni. Ga masu walda, ga masu rubuta allunan shaguna da zanen manyan motoci a bakin kwaltar Tasawa, waɗanda ke jan layi a miƙe da burushi ba tare da ma'auni ba. Allon da za a iya sabuntawa da gwangwanin fenti na kasuwa shi ne zai kai shekara 20. A dai lanƙwashe kusurwoyi, domin tsayin allon yaro shi ne tsayin goshinsa. A kuma kafa shi a inuwa in da hali, ba mai tsayawa karatu a rana.

Gwani ya san iyakar aikinsa. A ranar 28 ga Mayu 2016, a gidan namun daji na Cincinnati a Amurka, yaro ɗan shekara 3 ya ratsa shinge ya faɗa wurin wani ƙaton birin gorila mai suna Harambe, dole aka harbe birin. Ɗan shekara 3 ba ya karatu, kuma ko yana yi ba zai tsaya ba. Inda shinge ke da ramin da kan yaro zai shiga, mai tsara alama na gari zai ce a kira mai walda tukuna, fenti ya jira.

Ɓacewa kuwa ba makawa ranar Salla, sai dai a shirya mata. Kevin Lynch, a littafinsa na 1960 kan yadda mutane ke riƙe surar birni a kansu, ya nuna cewa da fitattun abubuwa ake tuna wuri, abin da duk mai kwatance a ƙauye ya sani: gindin gawo, rijiya, tsamiyar kasuwa. Saboda haka a tsakiyar gida a kafa abu guda da ba shi da na biyu, dogo, mai launi, a ce mutum-mutumin gauraka a kan ginshiƙi, a sa benci da randa da ma'aikaci a gindinsa. Tun a bakin ƙofa a nuna hotonsa a tsayin yaro. Mushe ya tsaya da ajinsa ya ce, “Yara, wanda bai gan ni ba, ina za shi?” Su amsa, “Gindin gauraka, Mushe!” An gama. Taswirar bakin ƙofa ita ma a juya ta ta dace da yadda mai kallo ke tsaye, abin da ke damansa a ƙasa ya zama a damansa a allo, ko da arewa za ta koma ƙasa. Masu zanen taswira ba sa son haka, amma ba su ne ke neman makewayi da yaro yana kuka ba.

Wannan sana'a ba ta tsaya a gidajen keji ba. A gandun Gadabeji da ke arewa da Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, an kawo raƙuman dawa 8 daga yankin Kure a ƙarshen 2018, irin nan na Afirka ta Yamma da suka ragu zuwa wajen 50 a 1996 kafin su farfaɗo su haura 600. Ga yaran Mayahi wannan ya fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. A irin wannan fili allo kaɗan ake so, 'yan gandun daji da makiyayan wurin su ne jagora. Abin da alama za ta faɗa bai wuce nisan da za a tsaya, da inda mota ba ta bi, da dalilin yin shiru ba.

Bayan an kafa komai, gwani ba ya naɗe kayansa ya tafi. Yakan dawo ranar cunkoso ya bi bayan wani ayarin yara daga nesa, bai ce musu komai ba, yana lura da inda suka tsaya suna waige-waige, da inda suka tambayi mai sayar da ruwa hanya. Duk inda aka yi tambaya sau da yawa, akwai allon da ya kasa. Bayan Salla kuma ya zagaya ya duba ƙasa: inda ƙafafu suka fasa sabuwar hanya ta cikin ciyawa, nan ya kamata sawun ya bi tun farko, sai a mayar da shi can. Ya duba allunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda fentinsa ya goge a wuri guda saboda yatsu, a sake shafa masa fenti a bar shi inda yake. Wanda ya fito fes, ko ɗigon alewa babu a jikinsa, shi ake tumɓukewa a sake masa wuri ko a sake masa magana.